Hannun 'Yar Gado

Asabar, bayan La'asar

Jan ruwa ya iso. Da safe na je dutsen mashaya, ya rufe tsagi na uku cikin tsagogin da muke auna ruwa da su. Ya zo da kumfa da karan gero da mushen akuya guda. Ruwan daminar ƙasar Gurma ne, ba ya sallama. Baƙin ruwa da ke tahowa daga nesa lokacin sanyi shi ne dattijo. Wannan mahaukaci ne.

Yau kwana huɗu da suka tafi Yamai da tsohuwar, mai ɗakina. Ɗan farina ya zo da mota har gaɓar can, taubashina Kimba ya haye da su a jirginsa. Wai ciki ne. Na ce a jiƙa mata sassaƙe, aka dube ni kamar na yi ashar.

Ban raka su ba. Duk Kwara-Zeno an san dalili, amma bari in rubuta don kada gobe a juya zancen. Shekara goma sha tara ke nan ina rubuta Maganar Kogi. Kowace Laraba Kimba ya kai takardar can garin Sayi, ran Alhamis bayan Magariba Alfa Modi ya karanta a rediyo. Ban shiga boko ba. Allon ma wata bakwai na yi, ubana ya cire ni ya danƙa mini gorar tuƙi. Sai da kurkunu ya kwantar da ni damina guda, na haura arba'in, wani mai tallan turare ya koya mini baƙaƙen ajami. Da wuya na same su. Bara yaron nan ya kwashe littattafaina, ya sa aka juya su da rubutun boko aka buga. Madalla. Amma a bango, ƙarƙashin sunana, ya sa sunan uwarsa, girman baƙaƙen ɗaya. Sunan da ko ni ban taɓa kira a gaban mutane ba, ga shi a kasuwa kusa da sabulu.

Wata guda in na sauka mashaya sai a ce, “Ga magatakardan 'yar Gado nan.” Wato ita, da sunan ubanta. A wurin na rantse da Allah, kowa na ji, ƙafata ba za ta taka gidansa ba sai ya kankare sunan. Bai kankare ba.

Lahadi, hantsi

Tsagi na uku da rabi. Kifi ya shige cikin ciyawar burgu, masu jefa tarun birgi sun dawo da kwando wayam.

Litinin, bayan Azahar

Na zauna rubutu tun hantsi. Layi shida, na soke huɗu. Biron nan na yanzu ba su da kirki.

Yadda muke yi shi ne, in na gama sai in ɗauki kujera in zauna bakin ɗakinta tana saƙar tabarma, in karanta. Ba ta cewa ya yi ko bai yi ba. Hannunta nake kallo. In kaba na ta tafiya, layin banza ne, sai in soke. In hannun ya tsaya, na bar shi. Wani lokaci ba ta ɗago kai ba za ta ce, “Ba wannan shekarar ba ce,” in gyara. Shi ke nan fa. Wannan ne za a sa sunan mutum a bango dominsa? To a sa sunan kujerar ma.

Matar maƙwabci ta aiko da tuwo. Gishiri ya yi yawa.

Talata, bayan La'asar

Na gama. A kan shekarar da ruwa ya ci rumbunan gari na yi shi, tunda jan ruwan bana ya tuna mini. Na karanta wa rabin tabarmar da ta bari jingine da bango. Tabarma ba ta da hannu.

Laraba, da sassafe

Kimba ya karɓi takarda yana murmushin nan nasa.

Ya ce, “Bawana, wa ya duba maka?”

Na ce, “Uwarka.”

“Allah ya jiƙanta, da ta fi ka iyawa. Ga waya nan, in kira maka Yamai ka karanta mata?”

“A waya ana ganin hannu?”

Ya ce an kwantar da ita, an sa mata ruwa leda biyu. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Mutumin da ya girma a tsakiyar kogi, wai ruwa za a sa masa a leda.

Alhamis, bayan Magariba

An karanta. Alfa Modi ya haɗiye mini kalma biyu kamar yadda ya saba, amma ya fita. Ni kaɗai na yi shi, daga bisimilla har tammat. A gaya wa na Yamai.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Dommo ta haye kogi. Tsohuwar da ba ta shiga jirgi ba tun rasuwar mijinta, yau ta haye cikin jan ruwa da sandarta, ta same ni ƙarƙashin tsamiya cikin mutane.

Ta ce, “Ɗan Nyandu, me na tsare maka?”

Na ce, “Sannu da zuwa, Dommo. Zauna.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Wace shekara aka ɗaura mini aure?”

“Shekarar fara. Har ni na tuƙa jirgin amarya.”

“Wace shekara na haifi Hima?”

“Shekarar da ruwa ya ci rumbuna. A kan rufin ɗaki kika haife shi, kowa ya sani.”

“To jiya a rediyo wacce ka ce ta riga zuwa?”

Sai a lokacin na tuna. Na ce ne ruwa ya ci rumbuna, bayan damina biyu fara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Layin ya yi daɗi a baki, shi ya sa.

Ta ce, “Ka haifar mini ɗa shekara biyu kafin aurena! Daga nan har Gaya an ji. Na'ibin liman guda ka mayar shege da biro. Tun safe jikokina ke dambe a mashaya.”

Mutane suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Mu nan ba wanda ya san shekararsa da lamba. Da ruwa da fara da cuta muke ƙirga kanmu. Ka matsar da shekara guda, ka matsar da aure da haihuwa da gadon gona.

Da za ta tafi ta juyo ta ce, “Da 'yar Gado na nan da ba ka yi wannan ɓarna ba. Kai dai biro gare ka.”

Tsagi na biyar.

Asabar, da safe

Ban fita ba.

Lahadi, bayan Azahar

Hima ya zo da kansa. Na so ya yi faɗa, da na san abin yi. Sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, ba komai, kuskure ne, a dai gyara saboda yara.” Irin wannan ladabi ya fi mari.

Alfa Modi ya aiko. Wai mai rediyon ya ce gyara ɗaya ba zai wadatar ba, mutane sun fara shakkar na baya. In jero shekarun kogi duka bi da bi, tun daga fara har bana, a karanta kowa ya ji wurinsa. Kafin nan ba za a sa Maganar Kogi ba. Mai rediyon nan ina rubutu yana tsotson yatsa.

Jerawa ai ba wuya. Na rayu cikinsu.

Litinin, bayan La'asar

Fara. Rumbuna. Ƙyanda. Jar dawar taimako. Dorina mai ido ɗaya. Shekarar da aka taka kogi da ƙafa.

Ko dorina ce kafin jar dawa?

Ina ganin kowace shekara sarai, har warinta ina ji. Ina ganin dorinar nan ta ɗaga jirgin masu albasa kamar ƙwarya. Amma in na zo jera su sai su tsaya mini kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla, ba na gaba ba na baya.

Talata, hantsi

Na tambayi tsofaffi uku. Zaku ya ce dorina ce farko, ya rantse da kabarin ubansa. Yaye ya ce jar dawa, shi ma ya rantse. Na ukun ya ce ba a taɓa yin dorina mai ido ɗaya ba, kada ne. Ya ƙara da cewa, “Ka tambayi mai ɗakinka mana, mu ma ita muke tambaya.”

Wato duk garin nan an haɗa baki.

Gero ya fitar da kai a tudu. Tsuntsaye sun fara taruwa. Da tana nan da yanzu ta fara mitar a ɗaure gwangwanaye a gona. Na ɗaure su jiya, ba wanda ya ce in yi.

Laraba, da sassafe

Ba takarda. Kimba ya miƙo hannu, na ba shi goro.

Ya ce, “Shekara goma sha tara ban taɓa hayewa ran Laraba aljihu wayam ba. Jirgin ma zai yi mamaki.”

Na ce, “Ka tuƙa jirginka, bawan banza.”

Bai rama ba. Kimba bai taɓa barin zagi ya kwana ba. Ya tsaya yana kwance igiya yana sake ɗaurewa, sannan ya ce an sallame su daga asibiti, sun koma gidan yaron.

Sallama iri biyu ce. Ban tambayi wacce ba.

Alhamis, bayan Magariba

Kiɗan molo suka sa a wurina. Rabin sa'a cur.

Juma'a, bayan La'asar

Liman ya tare ni a ƙofar masallaci, wai yana tambayar lafiyar gida. Daga nan ya gangaro kan rantsuwa. Wai wanda ya rantse, sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya karya ya ciyar da miskinai goma. Na ce na gode, ban zo fatawa ba. Miskinai goma ba su ne abin ba. A mashaya na rantse. Mutum arba'in suka ji.

Kuma wa ya fara? Ni na haife shi, ni na sayar da jirgina na biyu na kai shi bokon da yau yake gyara ni da shi. Da ya zo ya ce, Baba, ga abin da nake so in yi, da na hana shi cikin mutunci. Sai dai na ga abu a buge. Da na yi magana ya ce, “Baba, gaskiya ce kawai na rubuta.” A gaban matarsa.

Ita kuwa tsohuwar, ranar da littafin ya zo ta juya shi sama da ƙasa, ta ce a ina sunan nata yake. Aka nuna mata. Ta dube shi ta daɗe, ta mayar, ta koma kan kabarta. Har yau ba ta ce mini komai a kai ba. Ni ma ban tambaya ba.

Ba zan je ba.

Asabar, hantsi

Ruwa ya tsaya a tsagi na shida. Shinkafar fadamar ƙasa ta nutse, sai kunnuwanta.

Ba zan je ba.

Lahadi, bayan Azahar

Na share ɗakinta saboda gara. A bayan randa na sami damin kaba da ta jiƙa ta rina, ja da kore, ta ɗaure da tsumma. Na rabin tabarmar nan ne. Ta ƙirga abin da zai ishe ta ta gama.

Na mayar inda yake. Na sake ɗaukowa. Gara za ta ci shi a can.

Litinin, bayan La'asar

Kimba ya zo gida, ba mashaya ba. Ya zauna a kujerata ba izini.

Ya ce, “Na kai musu kifi jiya.”

Na ce, “Ka kyauta.”

“Ba ta ci ba. Ta ce ran Alhamis an kamo mata rediyonmu ta waya, ta ji molo. Ta ce in tambaye ka ko hannunka ne ya karye.”

“Ka ce mata lafiyata lau.”

“Na gaya mata zancen Dommo. Ta yi dariya har sai da aka riƙe ta, dariyar na yi mata ciwo. Ta ce, ‘Na bar shi kwana goma ya lalata zuri'ar mutane.’”

Na ce, “To ka ce ta jero maka shekarun ka kawo mini.”

Ya ce, “Na roƙa. Ta ce ba ta ba da saƙo. Mai so ya zo ya karanta, ta ji.” Ya tashi ya kakkaɓe riga. “Tinni, ni da kai wasa muke tun muna tsirara. Yau ba wasa na zo ba. Baƙin ruwa saura wata uku. Ban ce maka za ta gan shi ba.”

Na ce ya fita mini daga gida. Ya fita.

Talata, da safe

Tsagi na biyar da rabi. Ya fara ja da baya. Ya bar laka a jikin dutse kamar lalle.

Talata, bayan Magariba

Na yi tunani. Na rantse ne a kan gidansa. Ban rantse a kan Yamai ba, ban rantse a kan titi ba. Titi na gwamnati ne. Aiki zai kai ni, rediyo na jira, kuma akwai haƙƙin Hima. Ba don kowa ba.

Na kwafe jerin da kyau, da gurbi uku da na bari fari. Na sa kabar a jaka don kada takardu su lanƙwashe.

Laraba, bayan La'asar, Yamai

Kimba ya haye da ni bai tsokane ni ba, Allah ya saka masa. Motar kasuwa ta sauke ni da Azahar.

Gidan na bulo ne, da ƙofar ƙarfe shuɗiya. Matar yaron, Hamsatu, ta fito da gudu ba takalmi. “Baba! Baba ne! Shigo, shigo.” Na ce ta kawo mini kujera nan waje, ta nuna mini tagar ɗakin da tsohuwar take. Ta dube ni, ta dubi titi, ta kawo.

Yaron ya fito ya durƙusa. Ya rame. Na amsa gaisuwa ina kallon wata mai tallan ƙosai. Ya ce, “Baba, rana.” Na ce na saba.

Tagar ta yi sama, ga raga. Na zauna ƙarƙashinta na ɗaga murya na fara: fara, rumbuna, ƙyanda. Babura na wucewa. Masu shago suka leƙo, wani ya ce ko wa'azi ne. Da na kai jar dawa sai na ji motsi daga ciki, murya kamar ta sauro. Yaron ya sa fuska a raga.

“Baba, ta ce ka tsallake shekarar da gishiri ya ɓace.”

Na ce, “Ba shekara ba ce wannan, wata biyu ne.”

“Ta ce a cikinta aka haifi 'yan biyun Zaku, don haka shekara ce.”

“Ka ce mata 'yan biyun Zaku shekarar dorina ne!”

“Ta ce... Baba, ban ji ba, bari ta huta. Ta ce wai dorinar...”

“Dorinar me? Kai, matsa! Shekara arba'in da bakwai ba a taɓa sa mana tafinta ba.”

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ji Hamsatu ta ce “Lā ilāha illallāhu,” na duba, ga ni a tsakar gida da takarda a hannu, takalmina a ƙafa. Ƙofar shuɗiyar tana bayana.

Tunda an riga an shiga, na ƙarasa.

Ba zan rubuta yadda na same ta ba.

Ta ce, “Kai ne da ihu a titin mutane?”

Na ce, “Aiki ya kawo ni.”

“Na sani. Zauna. Ka rame, wa ke ba ka tuwo?”

“Mai gishiri.”

Na ciro kabar na ɗora mata a kan zane. Ta shafa ta, ta zaro zare guda ja. Saƙa ba za ta yiwu ba. Sai ta riƙa murza shi tsakanin yatsu biyu, a hankali, yana juyawa. Na ce a raina, ya isa, ina gani.

Muka jera su. Dorina ce kafin jar dawa, Zaku ya yi gaskiya. Gishiri ya shiga tsakani. Ta ba ni wasu biyu da na manta ɗungum, shekarar da aka yi Idi a cikin jirage da shekarar makantar shanu. Kowace ta zo da wanda aka haifa da wanda aka binne, ba ta laluben ko ɗaya. In ta gaji mu tsaya, Hamsatu ta ɗiga mata ruwa a cokali. Yaron na tsaye bakin ƙofa. Ban kore shi ba.

Alhamis, hantsi

Na karanta mata duka daga farko, da ban-haƙurin Dommo a sama. Kaba ta tsaya a wuri huɗu. Inda na ce jan ruwa mahaukaci ne ba ta tsaya ba, na soke, ko da yake ina son layin.

Na zo ƙarshe na ce, “Wanda ya rubuta, Tinni Nyandu, Kwara-Zeno.”

Kaba na ta juyawa.

Na sake faɗa, da ƙarfi, ko ba ta ji ba. Tana ta juyawa. Idonta a rufe.

Na ɗauki biro na ƙara layi guda a kan gwiwata. Baƙaƙen suka karkace, biron nan ba su da kirki. Na karanta: “Wadda ta riƙe shekarun, Bibata Gado.”

Hannun ya tsaya.

Ta buɗe ido ta ce, “Soke. Wa ya ce ka kira sunana a gaban yara? Tsufa ya cire maka kunya?”

Na ce, “Ba ruwana da bakinki. Shekara goma sha tara hannu nake bi.”

Ta juya fuska wajen bango. Hamsatu ta fita da sauri wai tukunya na ƙuna.

Yaron zai karanta wa Alfa Modi ta waya ya kwafa, don a samu na yau. Na ce in ya canja mini kalma guda sai na sake rantsuwa. Ya ce, “To, Baba.”

Juma'a, bayan Asuba

An karanta jiya, ta ji har ƙarshe. Alfa Modi bai haɗiye layin ƙarshen ba.

Na sa a auno shinkafa ta mutum goma, a kai ƙofar masallaci. Kimba ya bugo waya wai a ƙirga da shi, tunda shi ma miskini ne, kuma mashaya duka na gaishe da magatakarda. Na ce ya gaya musu magatakarda na amsawa. Na ce ya duba mini dutse kullum, ya kuma kawo rabin tabarmar nan ran Laraba.

Ya ce ruwa ya sauka tsagi na huɗu.

Na mako mai zuwa a kan baƙin ruwa zan yi shi. Lokacinsa bai yi ba, na sani. Amma ina so in karanta mata shi yanzu.